Baffa da Kifin da Ya Fito Daga Bango

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya magana a kan kaya ba sai na baje su a fili. Ga abin da yayan mahaifina ya bari a unguwar Limawa, cikin Dutse: ɗaki biyu da zaure, rijiya, dabino uku, Alƙur'aninsa a gafaka, randa uku da kifi mai rai a ciki, da kwalbar gilas guda. Gida da dabino suna da magada, ba wanda ya ɗaga murya a kansu. Randunan ne ba mai so, su ne kuma masu tsada, domin sunan Baffa a cikinsu yake. Shekara da shekaru ana faɗa a garin nan cewa ba kifi yake kiwo ba, kan gida ne, wato irin abin nan da mutum yake ajiyewa a ɓoye yana ciyar da shi don ya tsare masa gida ya kawo arziki, a bakin imaninsa. In aka fasa randunan a ɓoye, mu danginsa mun amsa cewa haka ne. In aka bar su, wanda ya ɗauka ya ɗauki maganar tare da su. Ni aka bar wa wannan zaɓi.

Ranar da aka kai shi mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Liman ya sallace shi, sahu ya yi tsawo. Amma da na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, sai na ji ta'aziyyar iri biyu ce, kunnen mai ciniki ba ya rasa irin wannan. Akwai masu cewa "Allah ya jiƙansa," su share ido su tashi. Akwai masu jan ta: "Allah dai ya yafe masa, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba," sannan su saci kallon na kusa da su. Maƙwabcinsa na gabas, wanda katanga ɗaya ta raba su, shi ya fi kowa jan ta. Aka kawo ruwan sha a ƙwarya, ta zaga zaure ta dawo yadda ta tafi, ga shi tsakiyar bazara. A cikin gida mata sun cunkushe a rana suna gumi, inuwar rumfa kuwa ba kowa, don a ƙarƙashinta randunan suke. Wata tsohuwa daga Yalwawa ta raɗa wa Gwaggo, ƙanwar Baffa, tambayar ko abin ya yi kuka lokacin da rai ya fita.

Da yamma Gwaggo ta aika a kira ni. Idonta ya kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ɗan nan, kai ne mai jakai. Kafin addu'ar bakwai ka kwashe tarkacen can ka kai bayan dutse ka farfasa. Kada kowa ya gani."

Na ce, "Gwaggo, kifi ne."

"Na ce maka kare ne? Na san kifi ne! Ni da Yaya ciki ɗaya muka fito, na san bai taɓa tsallake salla ba. Amma ka ga ruwanmu an ƙi sha. 'Ya'yansa mata suna gidajen mutane, kullum ana yi musu gori. Ya yi taurin kansa ya tafi, mu da muka rage a bar mu mu huta."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ce zan duba. Ta san ma'anar "zan duba" a bakin ɗan kasuwa, ta juya mini baya.

Yaran yanzu sun tashi sun tarar da maganar, ba su san tushenta ba, to ga shi. Ana gab da zuwan Nasara, Baffa ya sake ginin ɗakinsa na jikin zaure. Da rani aka haƙo ƙasar daga wani busasshen tafki a fadama, aka kwaɓa, aka ɗora bango. Da damina ta sauka, wata rana bayan la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, mutanen da suka fito daga masallaci suka fake a zauren Baffa, don shi ne ladan a lokacin, zaurensa kuma ba ya rabo da jama'a. Ina cikinsu. Muna kallo gindin bangon ya jiƙe, wani dunƙule ya ɓalle ya faɗo, sai ga wani abu dogo yana mutsu-mutsu a cikin taɓo. Aka ce maciji, zaure ya watse, har da masu barin takalmi. Baffa ya tsuguna a cikin ruwan sama ya duba, ya ce, "Ku dawo, kifi ne." Ya naɗe shi a gaban rigarsa ya shiga gida ya saka a randar Inna, matarsa.

Kifi a Dutse, garin da ba kogi, kuma daga cikin bango. Kafin magariba labari ya gama unguwa.

Ni ina zuwa Aujara sayen fata a lokacin, na tambayi masuntan fadamar can. Suka yi mini dariya. Suka ce gaiwa ce. In tafki zai ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe jikinta ta yi barci har ruwa ya dawo, su da kansu da fartanya suke haƙo ta da rani. Masu haƙar ƙasa ne suka ɗauko ta da ɗakinta, magina suka gina ta a bango. Na dawo na faɗa wa Baffa, shi kuma ya faɗa a ƙofar masallaci, ba sau ɗaya ba. Aka saurara, aka gyaɗa kai, aka koma ana faɗar wancan. Labarin masunta ba shi da daɗin bayarwa kamar na aljanu.

Aka ce ya yar da ita. Ya ce, "Ni na gina ta a bango ban sani ba, ta yi rani guda a ɗaure a ɗakina ba ci ba sha. Yanzu ta fito in ce mata ta san inda dare ya yi mata? Baƙuwa ce." Aka ce to ya ci. Ya ce shi bai taɓa cin baƙo ba.

Baffa mutum ne mai barkwanci, barkwancin ne kuma ya ƙara wa wutar itace. Tun da daga ɗaki ta fito, sai ya sa mata suna Uwar Ɗaki. Da safe ka ji shi ta bayan katanga: "Uwar Ɗaki, an tashi lafiya? Ga gara na kawo miki, a yi haƙuri da kaɗan." Maƙwabcinsa na gabas ya ji da kunnensa, ya kai kasuwa: ladan yana da uwar ɗaki a randa, yana gaishe ta kafin ya gai da mutane, yana kai mata abinci yana ba ta haƙuri. Gaiwa kuma takan taso saman ruwa ta shaƙi iska, ta yi wani ɗan sauti kamar gyatsa. Aka ce tana amsawa.

Inna ta roƙe shi ya bar kiran sunan. Ya ce, "In na bari za su ce ta hana ni faɗa." Ya ci gaba, har ya ƙara murya.

Maimakon ya rage, sai ya ƙara. Ya ce gaiwa ba ta zama da kowa, cizo gare ta, amma shi yana son ya ga masu yawo. Na riƙa kawo masa 'yan karfasa da ƙurungu daga fadama, a tulu, a kan jaki, da ganye a bakin tulun don kada ruwan ya yi ta tangaɗi. Wasu su mutu a hanya, wasu su iso. A hankali ya gane hanyarsu. Ruwan rijiya ba ya zuba musu shi da ɗanyensa, sai ya kwana a kasko. Ba ya sake ruwan randa duka, sai ya kwashe kaɗan ya mayar da kaɗan, ya ce ko mutum aka sake wa duniya gaba ɗaya rana guda sai ya kwanta. Tsohon ruwan ya kai gindin dabino. Ya sa kainuwa a sama don inuwa, ya jefa tsingaro a ƙasa don ƙurungu ya sami maɓoya. Lokacin sanyi ya naɗe randunan da tsohuwar tabarma. Abinci kuwa ɗan kaɗan, gara ko tana ko dusa a kan yatsa. Na taɓa ɗebo dusa da hannu zan watsa, ya buge mini hannu.

"Kai Mai Awo, nan ba kasuwa ba ce da za ka yi gyara. Ƙoshi ke kashe su, ba yunwa ba."

Mai Awo yake kirana, don ya ce ko gaisuwa aka yi mini sai na auna ta. Wata rana na tarar da shi zaune a kan turmi ya leƙa randa, har na gama sallama bai ɗago ba. Na ce, "Baffa, don Allah mece ce ribar wannan abu? Ba a ci, ba a sayarwa, ga jan ruwa, ga surutun mutane."

Ya ce, "Tun da ka shigo ka ji na ci naman wani?"

Na ce a'a.

"To je ka zauren maƙwabta ka zauna daidai wannan lokaci, ka dawo ka faɗa mini nawa suka ci."

Rigimarsa da Liman ita ce ta fi yi masa ciwo, don tare suka yi karatu suna yara. Mutane suka fara cewa ba za su amsa kiran sallar mai uwar ɗaki ba. Wasu suka koma wani masallaci. Liman ya zo gida da kansa, ina nan ina gyara mangalar jaki, ba wanda ya ce in tashi. Baffa ya ɗaga faifan da ke bakin randa ya ce ya duba. Liman ya ƙi matsowa.

"Ba sai na duba ba, Ladan. Na san kifi ne. Na san ka tun ba mu da wando."

"To ka faɗa musu."

"Jama'a ba a yi musu haka. Ka zubar kawai, kowa ya huta, kai ma ka huta. Mene ne kifi?"

"Ba komai ba ne. Shi ya sa ba zan zubar ba. In na zubar yau, gobe za a ce ladan ya tuba. Daga me na tuba?"

"Sahu yana raguwa."

"Kai ne liman. Kalma ɗaya daga bakinka ranar Juma'a ta isa."

Liman ya ja carbi. Can ya ce, "Zan sa wani ya riƙa kiran salla, kafin abin ya lafa."

Baffa ya mayar da faifan, ya ce, "Allah ya ba shi murya." Abin bai lafa ba, ba a kuma sake ce masa ya kira ba. Amma bai bar masallacin ba ko sau ɗaya. Kullum shi ne farkon zuwa, ya tsaya a sahun gaba bayan Liman, wanda ba ya son kafaɗarsa ya matsa. Da asuba kuwa, in sabon ladan ya fara, Inna ta ce takan ga leɓen Baffa yana motsi, yana gyara masa jan da bai kai ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka fara hada-hadar gyaɗa, na bar fata na koma sayen gyaɗa, Allah kuma ya buɗa mini. A Kano, a kantin wani Bakwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, na ga wata ƙatuwar kwalbar gilas mai faɗin baki da ake zuba alewa a ciki. Na tsaya ina kallon alewar ta gefe, sai Baffa ya faɗo mini a rai. Na yi ciniki har mai kantin ya gaji ya sallama. Na naɗe ta da ƙaiƙayi da buhu, na rungumo ta kamar jariri har Dutse.

Akwai wata karfasa da Baffa yake fushi da ita. Duk lokacin da ta yi 'ya'ya, in ya leƙa sai ya ga tana bin su tana haɗiyewa. Ya sa mata suna Azzaluma, yana yi mata faɗa, har yakan rage mata dusa don horo. Ita ya fara sakawa a kwalbar, da 'yan 'ya'yanta da suka rage, wai ya ga fuskar mai cin 'ya'yanta. Muka ɗora a kan turmi inda haske yake. Tun da yake, daga sama yake ganin kifinsa, baƙin baya a cikin baƙar randa. Ran nan ya tsuguna ya gan su ta gefe.

"La ilaha illallahu! Mai Awo, ashe cikinsu fari ne? Dubi jan da ke wutsiyar! Duk shekarun nan ƙeyarsu nake kallo!"

Inuwata ta gifta, karfasar ta buɗe baki ta kwashe 'ya'yan tas. Baffa ya ce, "Ka gani ko? A gabanmu ma!" Muka yi tsit. Jim kaɗan sai ta buɗe baki, suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ransu, suna wasa a gaban hancinta. Ya tafa hannu, ta sake kwashe su. Ya yi shiru, ta sake sako su.

Baffa ya zauna daɓas a ƙasa. Ya cire hula. Ya ce, "Baiwar Allah, ɓoye su kike yi. Ki yafe mini, na ɗauki alhakinki." Ya kira Inna ta zo ta gani, ya sa ta shaida cewa ya janye sunan. Ran nan har magariba yana tafi yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Ya ɗauka in mutane suka gani da idonsu magana ta ƙare. Ya fito da kwalbar ƙofar gida. Sai aka ce yanzu kam ta tabbata, ga shi har ya kai ga ɗaure su a kwalba kamar yadda bokaye suke yi. Iyaye suka hana yara bi ta layin. Ban yi da-na-sanin sayen kwalbar ba, ko yau aka dawo da ita kanti zan sake saya. Abin da na gani a fuskar Baffa ran nan ya biya ta.

Sai shekarar yunwa ta zo, wadda manya ba sa son tunawa. Damina ta ƙi, rumbuna suka ƙare, ga haraji ba a ɗaga ba. Rijiyar Baffa ta ja baya sai an kankaro da ƙoƙo. Ya ce ba zai zuba wa kifi ruwan da mutum yake nema ba. Ya cika randar Uwar Ɗaki da laka, ya bar ruwan ya ƙafe a hankali, ta nutse ta yi barcinta, ya rufe ya ajiye a lungu. Sauran kuwa, ga abin da ya faru da su, yau zan faɗa, don wanda ya sa ni rantsuwar yin shiru ya ce iyakarta ransa.

Matar maƙwabcinsa na gabas ta haihu a tsakiyar wannan wahala, nono ya ƙi zuwa, jaririn har ya daina kuka. Ta katanga Inna take jin komai. Baffa ya tsame kifinsa gaba ɗaya, har da waccan karfasar da zuriyarta, ya miƙa wa Inna, ya fita daga gidan don kada ya ji ƙanshi. Ta yi romo. Ya ce da ni, "In suka san daga ina yake ba za su sha ba. Kai ka kai, ka ce daga Aujara ka zo da kifin." Na kai. Maƙwabcin ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka. Aka yi ta ɗumama romon nan ana ba mai jego har ta sami ƙarfi. Yaron yana nan, ya isa riƙe garma. Ubansa kuma shi ne mai "wanda muka sani da wanda ba mu sani ba." In wannan magana ta kai kunnensa, to ya ji: romon Limawa ne, daga bayan katangarsa.

Da ruwa ya dawo Baffa ya zuba wa randar lakar ruwa, Uwar Ɗaki ta fito a rame tana neman gara. Aka ce matacce ya tashi a gidan ladan. Baffa ya ce, "Wannan karon ko amsa ba zan ba su ba. Mai Awo, yaushe za ka fadama? Randuna sun yi shiru."

Inna ta riga shi da 'yan shekaru. Da ciwonsa ya yi nauyi, ni nake jan ruwan ina sakewa, yana kwance a rumfa yana ba da umarni, yana cewa hannuna nauyi gare shi. Wata rana da hantsi ya ce in matso.

"Ban ce dole ka riƙe su ba, kana da sana'a, mutane kake nema. In za ka sake su, bari sai damina, ka kai su fadama da rana tsaka kowa na gani. Abu ɗaya na hana. Kada a fasa mini randa a ɓoye."

Shi ya sa na ce wa Gwaggo zan duba. Na kuwa duba. Yawancin masu kawo mini gyaɗa daga gidajen Limawa suke da ƙauyukan da ke jin maganar Limawa, ga dillalai sun yi yawa, wanda ya ƙi ni ba zai rasa wani ba. Na san abin da zan rasa tun kafin in ɗaga ƙafa. Ban taɓa shiga ciniki ido rufe ba, wannan ma ban shiga ba.

Ranar addu'ar bakwai zaure ya cika har waje, an shimfiɗa tabarmi a layi. Aka yi addu'a aka shafa, aka raba gumba. Azahar ta kawo jiki, mutane suka fara neman buta. Na shiga gida, na tattara ƙarfina na rungumo randar karfasa, na fito da ita na dire a tsakiyar taro. Na koma na kawo ta ƙurungu, na kawo kwalbar, na kawo ta Uwar Ɗaki daga ƙarshe. Gwaggo tana bina a baya tana cewa, "Ɗan nan, ka tona mana asiri! Ɗan nan!" Na ce, "Gwaggo, ba mu da asiri, shi nake so a gani." Na cire fayafayen duka.

Tabarmar kusa ta zama fili. Maƙwabcin gabas ya tashi yana a'uziyya yana neman takalmi, wasu suka bi shi. Ban tsayar da kowa ba. Na sa ƙoƙo na ɗebi ruwa daga randar karfasa, na tsuguna na yi alwala a gabansu, ban gaggauta ba. Na kurkure baki da shi. Da na gama na juya wajen Liman, ya tsufa ƙwarai, yana zaune a kan buzu da sandarsa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni, ni jahili ne. Alwalar nan tawa ta yi, ko in sake?"

Ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya ce a sa masa hannu ya tashi. Ya matso bakin randar da ya ƙi leƙawa shekarun baya, ya leƙa. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya duba launinsa, ya sansana, ya ɗanɗana. Ya ce a hankali, kamar mai magana da gemunsa, "Ruwa ne mai tsarki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na baya ba su ji ba."

Wani ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah, Liman ne fa!" Na ce na sani, shi ya sa shi na tambaya.

Liman ya juya ya fuskanci jama'a. Sannan ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba: "Ruwa ne mai tsarki! Kifi ne, halittar Allah! Ladan bai taɓa yin shirka ba, na sani tun farko!" Ya tsuguna da ƙyar, ya miƙo hannuwa ya ce, "Zuba mini, ɗana." Na zuba masa. Yana wanke fuska kafaɗunsa suna girgiza, ruwan da ke sauka ya fi wanda na zuba. Mutum biyar ko shida suka biyo bayansa. Sauran suka tafi neman ruwa a wani gida.

Bayan salla ya riƙe mini hannu ya ce in yafe masa. Na ce, "Ba ni ke bin ka ba, Malam. Mai bin ka kai ka sallace shi." Wasu sun ce na yi wa tsoho tsauri. Wataƙila. Ban janye ba.

Washegari da hantsi na ɗora randunan a kan jakai, na bi ta tsakiyar Limawa da su, ban bi ta bayan gari ba. Suna zaurena yanzu, kusa da ma'auni, inda duk mai kawo gyaɗa sai ya gan su. Wanda ya tambaya in ɗaga masa faifai.

To ga lissafi, yadda na saba yi a ƙarshen kaka. Gidajen da suka daina kawo mini kaya sun kusa rabi, ban sa ran dawowarsu ba. Gwaggo ba ta tako zaurena, in na je gaishe ta takan amsa, amma ba ta kallon fuskata. Masu faɗar maganar nan ba su daina ba, sun dai rage murya in sun hango ni. Babbar asara kuwa ba tawa ba ce: Baffa ya mutu da kiran salla a maƙogwaronsa, ba abin da zai dawo da wannan. A ɗaya hannun, an faɗa a bainar jama'a, da bakin wanda ya isa, cewa yayan mahaifina Musulmi ne mai kiwon kifi, 'ya'yansa kuma suna da amsar da za su mayar wa mai gori. In da wani dillali ne ya kawo mini wannan ciniki, in ba da rabin kasuwata a kan magana ɗaya da ta zo a makare, da na ce ya yi gaba. Na saya, kuma ba na neman a mayar mini.

Allah ya jiƙan Baffa, ya ba shi inuwa da ruwa mai sanyi, ya sa inda ya tafi ba mai hana shi ɗaga murya.